Mabuɗin Ƙaramin Tanderu

Shekara shida ina gidan burodi a Lesta,
aikin dare, farar hula, safar roba.
Burodi na bin bel kamar tumaki a burtali,
ni ke ware wanda ya ƙone da wanda ya ɓare,
in zuba a buhun da ba ya dawowa.

Buhu goma sha ɗaya kowace asuba.
Na ƙirga, ba wanda ya sa ni.
Wanda ya tashi a Malumfashi, a gidan da ake kakkaɓe tabarma
don tsince ƙwayar dawa,
ba ya ganin wannan ya ci gaba da wucewa.

Na taɓa gaya wa manajan farko.
Agogo ya duba, bai dube ni ba.
Ya ce, "Hannu muka ɗauka aiki,
kai kuwa ka rataye shi tare da rigar sanyinka."
Na haɗiye.
Bakin da ke cin albashi ya san inda yake tsayawa.

Sai aka kawo Hetal Chudasama,
gajeruwa, tabarau rataye a wuya,
kujerar ofis ba ta san ɗuminta ba.
Ƙarfe ukun dare ta tsaya kusa da ni,
ta ɗauki ɓallen burodi daga buhu, ta tauna,
ta ce, "Tanimu, me ka sani a nan da ban sani ba?"
Na waiga, ko da wani Tanimun take tattaunawa.

Na ce a busar, a niƙa, a zuba yaji,
masu soya kaza na titin Evington za su saya.
Ba ta tafa ba. Ba ta ce madalla ba.
Ta zare mabuɗin ƙaramin tanderu daga zobenta:
"Laraba, awa biyu, fam ɗari uku, da Bogdan.
In ya ɓaci, nawa ne. In ya yi, sunanka za a sa."
Mabuɗin ya fi buhu nauyi wajen ɗagawa.

Ya kuwa ɓaci.
Yaji na haɗa irin na gida, da ƙuli-ƙuli,
ban san gyaɗa a gidan nan ta fi wuta haɗari ba.
Aka tsayar da injuna, aka wanke har rufi,
rabin yini, motoci huɗu suka koma wayam.
Na kwashe kayana daga akwati tun kafin a ce in kwashe,
na zauna a benci ina jiran sallamawa.

Ta tagar gilashi na hange ta da manya uku.
Ban ji ba, amma na ga yatsanta:
ƙirjinta take nunawa.

Da ta fito ta ce, "Ban tambaye ka abin da ke ciki ba, laifina.
Kai ma ba ka faɗa ba, naka.
Laraba tana nan."

Muka cire gyaɗa, muka ƙara citta da masoro.
Bogdan ya yi atishawa har ya yi hawaye,
ya ce a rage barkono saboda Turawa.
Shago ɗaya ya karɓa, sai bakwai,
sai wata mata daga Nottingham ta bugo tana tambayar farashi.
Buhun asuba ya koma biyu.
Ban yi arziki ba, kada a ƙara gishiri,
amma akwai sunana a ƙasan leda, ƙanana, sai an matso ake karantawa.

Jiya Yonas, sabon yaron da ya gaji wurina a bel,
ya tare ni a ƙofa, yana murza hula,
wai yana da wata magana kan kwalayen da muke yarwa.
Motar ƙarfe shida na jirana.
Na ji idona ya nufi agogo da kansa,
na kama shi a hanya.
Na ajiye jaka, na jawo mana bokiti biyu muka zauna,
mabuɗin na taɓa mini cinya ta aljihu,
motar ta yi ham sau biyu, muka bar ta tana tafiya.